Mujahid da Duban Ruwa na Uku

Akwai wani matashi a Kaura Namoda da ake kira Mujahid. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna, amma abin da ke ransa tun da daɗewa shi ne ya rubuta shiri mai dogon zango, irin wanda ake nunawa a talabijin mako-mako.

Allah Ya nufa ya samu. Wani mai motocin haya, Alhaji Zubairu, ya ɗauki nauyin aikin, wata tasha kuma ta yarda za ta riƙa nuna shi duk Asabar da yamma. Suka sa masa suna "Ɗiyar Rijiya".

Labarin rabinsa tatsuniya ne, rabinsa binciken laifi, ga soyayya a tsakiya. An kashe mai unguwar wani ƙauye, aka turo Sufeto Imran bincike. A can ya haɗu da Gimbiya, wadda aka tsinta a bakin rijiya tana jaririya. Tana da baiwa: in ta duba ruwa a ƙwarya, tana ganin abin da aka aikata a ɓoye.

Sai dai baiwar tana da sharaɗi, kuma an faɗe shi tun a kashi na farko. Sau uku kacal za ta duba, duk dubawa kuma sai ta rasa wani abu daga ƙwaƙwalwarta. A dubawa ta uku, za ta manta wanda ta fi so a duniya.

Wannan sharaɗin ba Mujahid ya ƙirƙiro shi ba. Saudat ce ta kawo shi, wata malamar firamare da ke taya shi rubutu. Ta taso ne a hannun kakarta, Inna Yalwa, wadda duk Birnin Tsaba aka sani da iya tatsuniya.

Shiri ya karɓu. A dubawa ta farko Gimbiya ta manta muryar matar da ta raine ta. A ta biyu ta manta hanyar gidansu. Mutane suka yi ta fargabar ranar da za ta yi ta uku.

Daga nan kan Mujahid ya fara kumbura. In an yi hira da shi, sai ya ce shi kaɗai ya zauna ya tsara komai. Ko sau ɗaya bai ambaci Saudat ba. Ita kuwa ta ci gaba da taya shi rubutu.

Da aka zo rubuta kashi na goma, ya miƙa mata takardu ya ce ta karanta kawai, ya riga ya gama.

Ta karanta, ta ɗago kai.

"Darakta, Gimbiya ta duba ruwa karo na uku, amma ba ta manta Imran ba."

"Eh. Mutane na son su tare. Zan raba su ne don a tsine mini?"

"To amma mu muka faɗa musu sharaɗin. Sannan wannan mutumin da ta gani a ruwa, wai shi ne mai kisan, wane ne shi? Bai taɓa fitowa ba."

"Abin da ake so ke nan. A ba mutane mamaki."

"Wannan ba mamaki ba ne, Darakta. Mako tara mutane suna zargin wane da wane, suna gardama a majalisa. Sai ka kawo musu baƙo daga sama? Inna Yalwa takan ce duk abin da ka gaya wa masu sauraro a farkon labari, alkawari ka yi musu."

Mujahid ya yi dariya, a gaban 'yan wasa da masu ɗaukar hoto.

"Malama Saudat, nan talabijin muke yi. Ba tabarmar tsohuwa ba ce da yara masu majina. In kina son dokokin kakarki, ki koma ki zauna da ita."

Saudat ta ajiye takardun a kan benci, ta gyara mayafinta, ta fita. Da aka ba da hutun makaranta ta wuce Zurmi, inda Inna Yalwa ke zaune tun da zaman Birnin Tsaba ya gagara saboda rashin tsaro.

Aka ɗauki kashi na goma yadda Mujahid ya so, aka nuna shi ranar Asabar.

Ranar Alhamis ya shiga motar haya zuwa Shinkafi, don ya duba wani gida da za su yi aiki a ciki. Ranar kasuwa ce, mota ta cika maƙil. Ba su yi nisa ba wani mai sayar da buhuna ya taso da maganar.

"Kun ga abin da anka yi muna a Ɗiyar Rijiya?"

Wata mata a kujerar baya ta yi tsaki. "Kada ka tuna min. Ni da ɗiyana mun tanadi hawaye, sai ga yarinya ta duba ruwa ta tashi garau, har tana murmushi. To mi ya sa anka tsorata mu tun farko?"

Direba ya ce, "Ni abin da ya ƙona min rai mai kisan ne. Na rantse wa abokaina ƙanen mai unguwa ne. Ashe wani ne da ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Wanga marubuci ya raina muna hankali."

Mai buhuna ya taɓo Mujahid. "Malam, kai ba ka kallo?"

"Ina ɗan gani," in ji shi, yana kallon taga.

"To ka huta. Ni na bari."

Har aka isa Shinkafi ana zaginsa a gefen kunnensa. Da ya samu sabis ya buɗe wayarsa, abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyon shirin a intanet ya fi na cikin mota muni.

Ya dawo Kaura rai a ɓace, ya tarar Alhaji Zubairu na nemansa.

"Mujahid, mutanen tasha sun kira ni. Saura kashi uku, sun ɗage na gaba da mako biyu don mu gyara. Sun ce in na gaba ya fito irin wanga, za su sa wani shiri a gurbinmu. Mutum fiye da goma ke cin abinci a aikin nan. Ina malamar nan da ke taya ka?"

"Alhaji, zan iya gyarawa ni kaɗai."

"To gyara."

Kwana uku yana zaune da biro. Ya rubuta cewa duk mafarki Gimbiya ta yi, ya yage. Ya rubuta cewa tana da 'yar tagwai, ya yage. Duk ƙofar da ya taɓa sai ya ga shi da kansa ya toshe ta. Ya kira Saudat sau biyar, ba ta ɗauka ba.

A rana ta huɗu ya hau mota da sassafe zuwa Zurmi.

Ya same su a tsakar gida, Saudat na wanki, Inna Yalwa na zaune a inuwa tana tsintar wake. Ya durƙusa ya gaishe ta. Saudat ta amsa sallama, ta ci gaba da wankinta.

"Kai ne mai talabijin?" in ji tsohuwar.

"Ni ne, Inna."

"Kai ne ka ce tabarmata ta masu majina ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, Inna. Taimako na zo nema."

"Ni ba ni tatsuniya da rana. Amma kai ka ba ni taka, in ji."

Ya fara ba ta labarin tun daga farko. Tana ji tana tsintar wakenta. Da ya kai ga dubawa ta uku, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Shekara hamsin ina ba yara labari. In na ce dodo ba ya ƙetare ruwa, sannan can gaba na manta na ƙetarar da shi, ɗan da ke gyangyaɗi ma sai ya farka ya ce, Inna, ba haka kinka ce ba. Ka faɗi ƙarya komai girmanta, za su bi ka. Ka ce yarinya na ganin gaibu a ƙwarya, sun yarda. Amma dokar da ka kafa da bakinka, ita ba a taɓa ta."

"To yanzu an riga an nuna, Inna. Mutane sun ga ba ta manta shi ba."

Tsohuwar ta ajiye waken da take tsinta.

"Wa ya ce maka mantuwa rana ɗaya take zuwa? Ni da ke zaune gabanka, bara na fara rasa sunayen jikokina. Sai in kalli fuska, na san tawa ce, suna ya ƙi zuwa. In yi ta dariya don kada su gane. Wagga yarinya taku, wa ya sani ko murmushin da ta yi na ɓoyewa ne?"

Mujahid ya ɗago kai. Ya juya ya kalli Saudat. Ta daina wankin, idanunta sun kawo ruwa. Ita ma ba ta taɓa jin kakarta ta faɗi wannan ba.

"Shi kuma baƙon?" ya tambaya a hankali.

Saudat ce ta amsa, ba tare da ta kalle shi ba. "Ɗan aike ne. Wanda ya aike shi yana cikin labarin tun kashi na farko. Na san ko wane ne. Da ka tsaya ka saurare ni ranar nan, da ka ji."

Ya ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma ba za ta sake rubutu a ƙarƙashin sunan wani ba.

Da maganar ta kai wa Alhaji Zubairu, bai ja ta ba. Ya ce sauran kashi ukun Saudat za ta rubuta, da sunanta, kuma ita ke da ta cewa a wurin ɗauka. Mujahid ya riƙe kyamara.

Abin ya yi masa ɗaci. Shirin da ya yi shekaru yana mafarkinsa, ga shi yana tsaye a ciki kamar ɗan kwangila. Kwana biyu ko abinci bai iya ci da kyau ba. Amma babu wanda zai ɗora wa laifi.

Ranar da za a ɗauki fitowa ta ƙarshe, suka taru a bakin wata tsohuwar rijiya a wajen Kaura, da hantsi. Imran ya gama bincikensa, an kama ainihin wanda ya aiki baƙon, ya zo wurin Gimbiya da murna. Hamida, wadda ke fitowa a matsayin Gimbiya, ta ɗebo ruwa ta miƙa masa, ta dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa matafiyi.

"Sannu, bawan Allah. Daga ina?"

Mai riƙe da makirfo ya juya baya yana share ido. Mujahid na bayan kyamara yana kallo. Wannan ce fitowar da ya ƙi rubutawa.

Hamida ta waiwayo. "Darakta, ya yi ko a sake?"

Ya buɗe baki zai ba da umarni yadda ya saba, sai ya haɗiye.

"Ku tambayi Malama Saudat."

Tashar ta nemi zango na biyu. Saudat aka kira. Mujahid yana nan cikin aikin da kyamararsa, ranakun da babu ɗauka kuma yana zuwa bidiyon biki.

Darasi: Kada ɗaukaka ta sa ka raina wanda ya taya ka hawa, ko ka ɗauki ilimin tsofaffi abin dariya don ba a makaranta suka koye shi ba. Abin da ka yi wa mutane alkawari, ko a cikin labari ne, ka cika shi. Gyaran da ka ƙi karɓa a cikin ɗaki, wata rana a bainar jama'a za ka karɓe shi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.