Gidan Da Ya Haɗiye Rijiya

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai saurin tausayi da saurin fushi, kuma dukansu biyun sukan riga tunaninsa isowa. Wata rana ya fita kilisa, ya ga wani mutum yashe a gindin katanga, ciwo ya kayar da shi, ba mai jinyarsa. Bai sauka daga kan doki ba sai da ya ba da umarni a gina gidan magani a gefen Unguwar Masaƙa, inda talakawa suka fi yawa. Aka gina, aka kewaye shi da katanga, aka ɗora wani mutum mai suna Nomau a kansa, aka naɗa shi Sarkin Magani. Kowa ya zo a duba shi kyauta, a ci da shi, a shayar da shi har ya miƙe.

Gida ya yi suna. Amma kowace damina sai ɗakuna su cika, har a shimfiɗa wa wasu tabarma a tsakar gida. Yawancinsu kurkunu ne, tsutsar nan mai fitowa a ƙafa ta kwantar da ƙato, sauran kuma gudawa da zazzaɓi. Idan rani ya yi sai sarki ya ce a ƙara ɗakuna. Damina ta zagayo, sababbin ma su cika.

Fadawa suka fara raɗa. Suka ce Nomau ba ya kashe cuta, rage ta yake yi ya bar saura, don kada gida ya zama kango rawaninsa ya rasa amfani. Maganar ta kai kunnen sarki, ya kira wazirinsa.

Ya ce, "Waziri, wanda aka sallama bara shi ne kwance bana. Na ba da hatsi, na ba da gini, ban hana komai ba. An cuce ni, an cuci talakawana. A tsare Nomau. Ran Juma'a bayan an sauko a tuɓe masa rawani, a fitar da shi daga ƙasata."

Waziri ya san Nomau tun suna yara, ya san ba zai iya wannan mugunta ba. Amma sani daban, hujja daban. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni daga yau zuwa Juma'ar in bincika."

Sarki ya ce, "Na ba ka. In ba shi ne mai laifi ba, kawo mini mai laifin. Hannu wofi ne ba na so."

Waziri ya shiga gidan magani ya duba saiwoyi da garin magani, ya ɗanɗana kunun da ake dama wa masu jinya, ya sha ruwan da ake ba su. Bai ga aibu ba. Ya je inda aka tsare Nomau, ya tarar da shi zaune ya haɗa kai da gwiwa.

Nomau ya ce, "Waziri, ni inda tsutsa take fita na sani. Inda take shiga ban sani ba, don tun da aka naɗa ni ban sami ranar da zan leƙa bayan katanga ba. Je ka ga Malam Kailani. Shi ma ƙafarsa ta kumbura, na aika a kawo shi ya ƙi zuwa. Mutumin da ya ƙi magani kyauta yana da dalili."

Malam Kailani tsohon alƙali ne, ya ajiye shari'a da kansa ya koma gidan ubansa a Unguwar Masaƙa yana karatu. Waziri ya same shi a zaure, ya miƙe ƙafa ɗaya, yana naɗe tsutsar a jikin tsinke a hankali. Suka gaisa, waziri ya faɗi abin da ya kawo shi.

Malam ya ce, "Nomau ba shi da laifi. Mai laifin ɓarawo ne, kuma na san shi."

"Wane ne, Malam?"

"Ka gaya wa sarki akwai ɓarawon da ya saci rijiya da rana tsaka, ya bar rami a madadinta, kuma har gobe maroƙa na yi masa kirari. In yana son ganinsa ya zo nan. Ni ka ga ƙafata."

Waziri ya ce, "Malam, wuyana kake so a sare? Sarki ake kira zaure?"

Malam ya ce, "Wuyanka naka ne, Juma'a ta Nomau ce. Zaɓi."

Waziri ya koma yana juya maganar. Bai gane ta ba, kuma ba shi da wata. Ya faɗa wa sarki ita yadda aka faɗa masa, bai rage ba bai ƙara ba. Sarki ya ɓata rai, amma son ganin ɓarawon ya fi ƙarfin fushinsa. Da hantsi ya hau, daga shi sai waziri da dogarai kaɗan.

Da suka zauna a zaure, Malam ya ɗaga murya ya ce, "Kuluwa, mun yi baƙi, a kawo ruwa."

Matarsa, wata dattijuwa, ta amsa daga bayan ƙofa, "Malam, wane ruwan? Ka ji tsoron Allah, sarki ne fa!"

"Wanda muke sha. Baƙo ba ya wuce abin da masu gida suke da shi."

Ta miƙo ƙwarya tana gunaguni. Waziri ya karɓa don ya miƙa wa sarki, sai hannunsa ya tsaya. Ruwan kore ne, yana wari, wasu 'yan ƙananan abubuwa na motsi a ciki. Sarki ya leƙa ya kau da kai.

Ya ce, "Malam, raini ne wannan?"

Malam ya ce, "Ya sarki, karamci ne. Wannan ma ta tace shi da gefen zanenta saboda kai. Ka ba ni izini in yi maka tambaya. Wace uwa ce take ƙiba in 'ya'yanta sun rame?"

Sarki ya ce, "Babu irin wannan uwa."

"To wane gida ne ba a ba ka ruwa mai kyau sai ka kwanta, in ka miƙe a hana ka?"

"Wannan gidan azzalumi ne. Bar kewaye-kewaye, Malam. Ina kuke ɗebo wannan ƙazanta?"

"A kududdufin da ke bayan unguwa."

"Ba ku da rijiya?"

"Muna da ita, tun zamanin kakanni. Ruwanta garau, ko a tsakiyar rani ba ta ƙafewa. Saboda ita ma magina suka zaɓi wurin. Aka ce masu jinya na bukatar ruwa kusa, kuma hayaniyar mata masu ɗiba za ta hana su barci. Sai aka ja katanga ta bayanta, aka sa mai gadi a ƙofa."

A nan waziri ya tuna ruwan da ya sha a gidan magani ya yaba. Bai tambayi ko na wane ne ba.

Sarki ya ce, "Kududdufin fa, wa ya haƙa shi?"

"Ya sarki, gini da ƙasa ake yi, ƙasa kuma haƙo ta ake yi. Magini ba ya zuwa nesa in akwai kusa. Damina ta zo ta cika ramin. Wata rijiyar tana can ƙofar gabas, matar da za ta je ta dawo ba za ta yi kaɗi ba ranar, in ba ta yi kaɗi ba mijinta ba shi da zare. Sai ta ɗebi na kusa. Mai ciwo ya shiga ya wanke ƙafarsa a ciki, mai lafiya ya sha. Badi ƙafarsa ta kumbura daidai lokacin noma, gona ta tafi a ciyawa, masaƙa ta tsaya, gida ya rasa hatsi. Yaron da bai ƙoshi ba kuwa, ƙaramin zazzaɓi ya ishe shi. Sai a kwashe su a kai gidanka. Nomau ya ba su abinci da ruwan rijiyarsu, su warke, ya sallame su su dawo bakin ramin. Kai kuma ka ji ɗakuna sun cika, tausayi ya kama ka, ka ce a ƙara gini. Magina su dawo da diga."

Waziri ya saci kallon sarki, ya ga jijiyar goshinsa ta tashi, ya tabbata yau tsohon nan ya gama yawo. Sai ya yi abin da bai shirya ba, ya gurfana ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ce in kawo mai laifi. Na duba, ban sami mutum ɗaya da ya nufi sharri ba. Magini ya yi gini, mai gadi ya tsare ƙofa, Nomau ya yi magani, ni na isar da umarni. Kowa ya kyautata aikinsa, ba wanda ya dubi na ɗan'uwansa."

Sarki ya sake duban ƙwaryar ruwan. Sannan ya ce, "Ka manta mutum ɗaya, Waziri. Wanda ake yi wa kirarin." Ya juya ga Malam. "Me ya hana ka zuwa fada tun tuni?"

Malam ya ce, "Mai unguwa ya je sau da yawa. Aka ce masa sarki ya yi muku gidan magani, me kuma kuke nema? Ya dawo da kunya."

Sarki ya ce, "Yau za a fasa katangar a fito da rijiya. Ramin kuma a cike shi."

"Da wace ƙasa, ya sarki? In ka haƙo ta a wata unguwa, ka mayar da ramin can ke nan."

"To daga ina?"

"Ƙasar ramin ba ta ɓata ba. Tana nan tsaye, an shafe ta da farar ƙasa."

Sarki ya gane. Sabon sashen da aka gama a ranin nan ake nufi, wanda ya fi kowane tsawo, wanda yake nuna wa baƙin sarakuna. Fuskarsa ta nuna abin ya yi masa ciwo. Ya ce, "A rushe shi. A mayar da ƙasa inda aka ɗebo ta. Waziri, je ka saki Nomau da hannunka, ka ce masa sarki na neman afuwa."

Waziri ya miƙe da sauri, sai Malam ya ɗaga hannu. "Saura ɗaya, ya sarki. Abin da aka sha bana sai badi yake fitowa. Damina mai zuwa gidan zai sake cika, fadawa za su ce an yi rusau a banza. Kada ka sake kama Nomau, kada kuma ka kira magina."

Sarki ya ce, "Wannan ya fi rushe ginin wuya."

Malam ya ce, "Shi ya sa na bar shi a ƙarshe."

Haka kuwa aka yi. Damina ta zo, gida ya cika, fadawa suka yi ta magana, sarki ya cije bai tanka ba. Wadda ta biyo bayanta, masu jinya suka ragu, har Nomau ya sami sararin da yake zaga unguwanni yana leƙa randunan mutane, rawaninsa na kansa. Tun daga nan, in aka kawo wa sarkin nan labarin wata cuta, yakan ce wa waziri, "Je ka bi ta har gidansu. Mai kyauta yana tambayar ina ke yi maka ciwo, mai adalci kuwa sai ya tambayi me ka sha, kuma wa ya hana ka wanda ya fi shi."