Zanen Iya da Shawarar Rina

Kwana da kwanaki Inna Tasalla ta Funtuwa tana jujjuya magana ɗaya a ranta, abinci ma sai ta tauna ta manta ba ta haɗiye ba. Ga yadda abin yake. Autarta Bara'atu, mai aiki a Abuja, ta tsiro da tara kayan adon takarda. Ba takardar makaranta ba fa. Irin wadda masu fasaha ke yi da hannu ce: su jiƙa tsumma, su daka, su tace a rariya, su shafa a jikin wani abu, in ya bushe ya fito da siffarsa. Da Tasalla ta kai mata ziyara ta tarar da bango cike, wani kamar faifai, wani kamar sawun tsuntsu a yashi, wani kuwa ita dai tudu da kwari kawai ta gani. Abin ya ba ta mamaki, amma bai dame ta ba, sai ranar da Auta ta kira ta ce, "Inna, don Allah ki ba ni zanen Iya. Akwai wata Rifkatu a Jos, za ta mayar da shi takarda, ta fitar da siffar ƙwaryar furar Iya, in rataye a falo."

Iya mahaifiyar Tasalla ce, ta daɗe da rasuwa, amma ƙwaryar da take dama fura a ciki tana nan. Zanen kuwa saƙi ne, ita ta kaɗa zarensa da hannunta, aka rina shi da shuni. Shi kaɗai ya rage daga cikin tufafinta, yana ƙasan akwatin ƙarfe, ba a buɗewa.

Wata rana bayan azahar Tasalla ta jawo akwatin ƙarƙashin rumfa, ta zauna ta zuba masa ido, ta kasa buɗewa. Tana cewa ita kaɗai, "A yayyaga, a jiƙa, a daka? Sai ka ce dawa?" sai ta ji wata siririyar murya daga jikin dirkar rumfar ta ce, "Sannu da hutawa, uwar gida. Ai dakan ba shi ne abin tsoro ba."

Ta ɗaga kai ta ga Rina tana kankarar itacen da bakinta. Ta ja baya, ta ce, "A'uzubillahi! Ke da harbi na san ki, ba da zance ba."

Rina ta ce, "Harbi na masu tsokana ne. Ni sana'ata takarda. Dubi gidana can a kusurwa, da me kike tsammani na gina shi? Tun kafin 'yan Adam su san rariya muke wannan aiki."

Tasalla ta leƙa, ta ga gidan toka-toka, shafi a kan shafi. Tsoro ya fara sakinta, son sani ya kama ta. Ta ce, "Ikon Allah! To itacen ba ya jin haushi kina tauna shi?"

Rina ta ce, "Wannan tambayar tana da labari. Gyara zama ki ji abin da ya faru tsakanin kakata da wata Dirka.

"A wani ƙauye rumbu ya rushe, ya bar dirka ɗaya a tsaye, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, har ta yi fari fat. Kakata ta je ta yi sallama ta ce, 'Baba Dirka, ina so in kankari jikinki in gina wa 'ya'yana ɗaki. Ba zan ɓoye miki ba, abin da na ɗauka ba zai koma yadda yake ba.' Dirka ta fusata ta ce, 'Ni da na ɗauki hatsin gida guda a kaina, yau ni za a tauna? Tashi ki ba ni wuri!' Ashe akwai wani tsohon Ƙadangare da ke shan hantsi a kanta. Ya gyaɗa kai ya ce, 'Yi a hankali, Dirka, kada ki bi sawun Baƙin Akushi.' Ta ce, 'Wane ne kuma haka?' Ya ce, 'Bari ki ji.

"'Baƙin Akushi ya yi shekaru yana ɗaukar tuwon maigida, har ya tsage a baki. Matar gidan ta ce za ta fafe tsagin, ta riƙa zuba wa tattabaru ruwa a ciki. Akushi ya ji abin kamar zagi, ya gangara ya ɓuya bayan ɗaki. Nan Gara ta same shi, da murya kamar zuma ta ce, "Ranka ya daɗe, irinku ai ba a taɓawa. Ni zan lulluɓe ka da ƙasa, in tsare ka yadda kake, ko ɗigo ba zai canza ba." Akushi ya ce, "Madalla da mai sanin darajar manya." Damina ta wuce, rani ya wuce. Ran nan matar ta gano shi, ta yi murna, ta kai hannu ta ɗauka, sai ya ruguje a tafinta. Siffar tana nan, Akushin babu. Ni da idona na gani,' in ji Ƙadangare. 'Wanda ya ce zai taɓa ki, kin san iyakarsa. Wanda ya ce ba abin da zai canza, shi za ki tambaya me yake ci.'

"Dirka ta ce wa kakata, 'To zo ki ɗiba, amma ta gefen da rana ke bugu, can ya fi laushi.' Da aka gama ginin ta tambaya, ''Ya'yan naki sun san ni ce?' Kakata ta ce, 'Ba su sani ba, amma launinki suka fara gani da suka buɗe ido.' Kin ji, uwar gida. Ajiya ma wani lokaci baki gare ta."

Tasalla ta yi tagumi. Ta ce, "Na ji, kuma labarin ya yi daɗi. Amma zanen Iya ba dirka ba ne. Akwai ƙamshinta a jiki. In an jiƙa, ƙamshin fa?"

Rina ta ce, "Zai tafi. Ba zan yi miki irin ta Gara ba."

"Shunin fa?"

"Shuni zai yi haske, amma yana nan. Zaren ma yana nan, gutsi-gutsi, mai ido zai gani."

"To in ruwa ya taɓa takardar? In jikoki suka yage ta?"

"Sai ta lalace, mana. Takarda ce, ba dutse ba. Ni kowace shekara sabon gida nake yi. Amma bari ni ma in tambaye ki: yaushe rabonki da jin ƙamshin nan?"

Tasalla ta cire kwaɗon, ta ɗaga kayan sama, ta jawo zanen. Warin tsatsa da na rufi ne suka fara tarbar ta. Ta ware shi ta ɗaga, sai ga hasken rana yana ratsowa ta ƙananan huji, asu ya yi aikinsa a duk inda aka ninke. Ta tura hanci a tsakiya ta shaƙa, ta sake shaƙa. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta ce, "Ashe tuntuni wani ya riga Auta roƙa, shi ko sallama bai yi ba. Rina, kin yi gaskiya."

Rina ta ce, "Ba ni ba ce, Ƙadangare ne," ta tashi da ɗan abin da ta kankaro.

Tasalla ta share ido da bakin mayafi, ta ɗauko waya. Auta na ɗagawa ta ce, "Inna, lafiya? Na ji muryarki wani iri."

"Lafiya lau, sarkin tsirfa. Ita wannan Rifkatun, tana cin tuwon dawa?"

"Inna, me ya kawo tuwo kuma?"

"Saboda nan za ta zo. Zanen Iya ba zai hau mota ya tafi Jos shi kaɗai kamar maraya ba. Ta taho da rariyarta da duk tarkacenta, in ga yadda tsumma ke zama takarda da idona."

Auta ta yi ihu har sai da Tasalla ta janye wayar daga kunne. "Inna, kin yarda ke nan? Wallahi kin yarda?"

"Ke, rufe mini baki in gama. Ta jiƙa, ta tace, ta shafa, duk na bar mata. Amma ki gaya mata tun yanzu kada mu yi rigima a gaban mutane: hannun Iya ne ya kaɗa zaren nan, in dakawa za a yi, 'yarta ce za ta riƙe taɓarya."