Sa ya zama hayaƙi a Mayahi

Akwai wani saurayi a Mayahi mai suna Gazali. Na san shi farin sani, don tare aka kore mu daga lakwal, wato makarantar boko, sai dai ni da kaina na fita kafin a furta. Ya yi zaman Libiya, ya dawo yana tafiya kamar shi ya ƙirƙiro lantarki.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, fari ya riga ya cinye gonaki. Shanun mahaifinsa, Malam Dodo, suka yi ta faɗuwa har ya rage sa guda. Gazali ya matsa a saida san tun yana tsaye. Ya ce da kuɗin zai harhaɗa ordinatar, wato kwamfuta, da hannunsa, ya riƙa tura ma mutane wa'azi da waƙoƙi a katin salula, gida ya samu hatsi har damina. Daga ƙarshe tsoho ya kwance igiyar ya miƙa mashi.

A Maradi ya sayi babban allon injin, sabon yayi, a wani shago. Baret kuma, ɗan siririn allon nan da injin ke tunani da shi, ya saye shi a wani shagon inda ya fi araha. Mai shagon ya tambaye shi wane irin allo gare shi, don akwai tsohon baret akwai sabo, kuma ba su shiga gurbin juna. Gazali ya ji kunya a ɗauke shi baƙauye, ya ce a ba shi kawai, ya san aikinsa. Mutumin ya ce in bai shiga ba a maido shi lafiya, zai canza.

Da ya dawo ya bi majalisu yana shela cewa ranar Juma'a bayan masallaci kowa ya zo rumfarsa ya ga abin mamaki.

Ranar Alhamis komai ya zauna, ban da baret. Akwai ɗan tsagi a gindinsa, gurbinsa da ke kan babban allon kuma yana da ɗan haƙori, amma ba su dace ba. Bambancin bai kai faɗin ƙwayar dawa ba. Komawa Maradi na nufin Juma'a ta wuce, a yi mashi dariya.

Sai ya nufi maƙerar kawunsa Amani, ya ce a ara mashi magagari. A garinmu in ƙota ta ƙi shiga hauya sassaƙe ta ake yi, shi ma haka ya lissafa.

Amani ya jujjuya abin a hannu ya ce, "Ɗana, ni ban san kayan nan ba. Amma wanda ya yi tsagin nan da gangan ya yi shi. Ka maida ma mai shi."

"Kawu, ƙarfe kuka sani. Wannan ku bar mana."

Ya goge tsagin, ya danna, baret ya shige har da ɗan ƙara.

Ranar Juma'a rumfa ta cika. Ni ina gaba, na ma tanadi tafi. Malam Dodo ya zo a keken jaki, ya zauna gefe. Gazali ya yi bisimilla da ƙarfi ya danna maɓalli. Fankar injin ta juya, ta tsaya. Wani siririn hayaƙi ya fito, da wari kamar an ƙona takalmin roba. Allo ya ƙone, baret ya ƙone, kuma ba mai karɓar kayan da aka goge.

Ko ni da ba na barin dariya ta wuce ni, ranar ban iya ba.

Tsoho ya taso, ya leƙa cikin akwatin injin, ya daɗe yana kallo.

"Gazali, san namu ke nan?"

"Shi ne, Baba."

"Da yunwa ce ta kashe shi, da mun samu ko fata."

Kafin ruwan farko suka rufe gida suka yi kudu neman abinci. Akwatin yana nan a maƙerar Amani, gawayi ake zubawa a ciki.

Darasi: Abin da ya ƙi shiga, kada ka tilasta mashi, tambaya za ka yi. Kunyar cewa "ban sani ba" ta ɗan lokaci ce, asarar girman kai kuwa har iyaye take shafa. Ku tura ma wannan abokin naku da ya san komai, kun san shi.