Jan Fenti a Bangon Ngunan

Akwai wata mata a Akurba, nan bakin garin Lafiya, sunanta Ngunan. 'Yar ƙabilar Tibi ce, doya take sayarwa a rumfar ƙofar gidanta. Mijinta Tersugh ya rasu ya bar mata ɗaki uku, kuma shi da hannunsa ya buga kwanon rufin, ƙusa bayan ƙusa.

Wata safiya da damina ta fito shara, sai ta ga an zabga mata gicciye da jan fenti a bango. Ba ita kaɗai ba, gida tara ne a jere. Aka ce gwamnati za ta gina babbar magudanar ruwa, katafila na zuwa ƙarshen wata.

To, kun dai san halinmu. Da an shafa jan fenti ba a jiran katafila. Kowa sai ya nemi tsani ya cire kwanonsa da ƙofarsa da tagarsa, don kada a haɗa da su a murƙushe. Kafin azahar layin nan ya cika da ƙarar guduma.

Maƙwabciyarta Zuwairatu ta leƙo ta kan katanga, ta kira ta da sunan ɗanta.

"Maman Aper, me kike jira? Ƙanena Sadisu a ofishin da ya turo masu fentin yake aiki. Ya ce mini, Yaya, cire kawai, magana ta ƙare."

Ngunan ta ce da irin Hausarta, "Shi ya ga takarda da idonsa?"

"Haba! Shi ne fa mai ajiye fayil ɗin."

"To ni ma zan je in gani. Kwano na mijina ba zai sauka don fenti ba."

Washegari ta je ofishin. Aka ce oga ya fita. Ta koma, aka ce oga yana mitin. A zuwa na uku ta tarar da Sadisu a kujera, fanka na kaɗa masa, yana ɓare gyaɗa.

"Oga, abeg, taswira nake so in gani. Ina ruwa zai bi?"

Ko ɗaga kai bai yi ba. "Wannan sirrin gwamnati ne, Madam. In ma an ba ki, kin iya karantawa? Ko kina tsammani doya ce?"

"Doya ma sai na juya shi na duba gindi kafin in saya."

Masu jira suka kwashe da dariya. Sadisu ya ɓata rai ya nuna mata ƙofa.

A waje, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, akwai wani tsoho mai tallar goro, Baba Babandi. Shekara talatin ya yi yana masinja a wannan ofishi kafin ya yi ritaya. Ya yafito ta.

"'Yata, sau uku ina ganinki. Da me kike tambayarsu?"

"Da baki, Baba."

"Ai shi ke nan! Baki ba ya shiga fayil. A nan abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Je ki a buga miki takarda, kwafi biyu. Ki ba su ɗaya, ki tsaya sai sun buga hatimi da kwanan wata a kan taki. Akwai dokar da ta ba talaka damar neman bayani a hannun hukuma, kwana bakwai ta ba su su amsa. In sun yi shiru, akwai hukumar sauraron koke-koken jama'a. Su aikinsu ke nan, su tambayi mai kujera dalili."

Haka ta yi. Magatakarda ya so ya karɓa ya jefa a durowa, ta ce ƙafarta ƙafarsa sai ta ga hatimi. Ya buga mata da ƙarfi kamar yana kashe kunama.

Kwana bakwai suka wuce, shiru.

A nan ne fa hankalinta ya fara tashi. Gida takwas sun zama kango, nata kaɗai ke da rufi, har masu acaba sun mai da shi kwatance. Tana zaune a rumfa da rana, sai ta ɗaga kai ta dubi kwanon nan. In katafila ya zo gobe, ta rasa gida, ta rasa kwano, ta kuma zama abin dariya. Sau biyu tana ɗauko tsanin Tersugh tana jinginawa a bango, sau biyu tana mayar da shi. Abin da ya tsaya mata a rai ɗaya ne: a duk mutanen da suka ce mata magana ta ƙare, babu wanda ya ce ya ga takardar.

Ta ɗauki kwafinta mai hatimi ta tafi hukumar koke-koke.

Jami'ar da ta saurare ta, Malama Fatimatuzzahra, ba mai yawan magana ba ce. Ta duba hatimin, ta duba kalanda, ta rubuta wa ofishin wasiƙa. Da ba su amsa ba, sai ta saka takalminta ta je da kanta, Ngunan na biye.

Ku zo ku ga Sadisu! Gyaɗa ta ɓace daga tebur, kujeru biyu suka fito.

"Ranki ya daɗe, ai ba sai kin taso ba."

"Na riga na taso. Fayil ɗin magudanar Akurba nake so."

Ya buɗe kabad, babu. Ya zazzage durowa, babu. Gumi ya keto masa. Ngunan ce ta nuna ƙasa da yatsa.

"Oga, wancan da fanka ya hau kai fa?"

Jama'a, ashe ƙafar fankar ce ta karye, aka tokare ta da fayil ɗin. Zaren da aka ɗaure shi da shi tun ranar da injiniya ya kawo, ko kwance shi ba a taɓa yi ba.

Malama ta shimfiɗa taswirar, ta sa aka kira injiniyan, suka ɗunguma Akurba da tef ɗin awo, har da Sadisu. Taswira ta ce a fara awo daga dutsen simintin da masu safiyo suka kafa a bakin hanya. Aka neme shi aka same shi cikin ciyawa, an ɗaure masa akuya. Su kuwa masu fenti daga turken wutar lantarki suka fara nasu awon, don shi ne a fili, kuma a saninsu daf da dutsen yake. Ba su san iska ta kayar da shi bara ba, aka sake kafa shi can ciki kusa da gidaje.

Da aka auna daidai, magudanar ba ta taɓa ɗaki ko ɗaya ba. Abin da ta ci kawai shi ne rumfar Ngunan da bishiyar lemonta.

Ngunan ta daɗe tana kallon bishiyar. Ta ce, "Wannan na yarda. Na gani da idona."

Zuwairatu na tsaye a gefe. Ruwan sati biyu ya jiƙa bangon ɗakinta na ƙasa har gefe ɗaya ya zube, tun lokacin a ɗakin Ngunan take ajiye kayanta. Ta matso gaban ƙanenta a hankali.

"Sadisu, da ka ce mini in cire, ka karanta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Ka karanta?"

"Yaya, ni dai na ga an shafa fenti..."

Ta juya masa baya ta tafi. Ofis ma ya ba shi takardar neman bahasi, amma duk wanda yake wurin ya san wannan juya bayan ya fi ta zafi.

Ranar Asabar aka ga Sadisu ya zo da tsohuwar riga zai mayar wa yayarsa rufi, ba tsani, ba guduma. Ngunan ta shiga ɗaki ta fito da na Tersugh, ta jingina masa.

"Oga, hau a hankali. Ka duba kowane taki kafin ka taka."

Ita kuwa jan fentin bangonta ba ta goge shi ba. Kwafin taswirar ta sa a leda ta manna a kansa, duk mai wucewa ya tsaya ya karanta.

Darasi: Takardar da ta shafi rufin kanka ba sirri ba ce, haƙƙinka ne ka gan ta. Ka nema a rubuce, ka karɓi hatimi, ka yi haƙuri, in an yi maka shiru ka kai kuka inda aka tanada. Kai kuma mai kujera, fayil ɗin da ka danne wa talaka wataƙila gidanku na ciki. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda ya riga ya jingina tsani.