Shingen Tasalla da Tsamiyar Nomau

An ce wai a wani gari na bakin fadama an yi wata mata mai suna Tasalla, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida. Damina ta kayar da katangar bayan gidan, har ya zama duk mai tafiya rafi sai ya hango inda take wanka. Sau uku tana kafa shingen itacen dashi, sau uku yana ruɓewa, domin wurin laka ce mai riƙe ruwa, ga kuma tsamiyar maƙwabcinta Nomau ta hana rana sauka.

Da abin ya ishe ta, sai ta kai ƙara wurin Alƙali Sambo. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a sare tsamiyar nan. Ni ma ina son sutura kamar kowace mace."

Nomau ya ce, "Mahaifina ne ya dasa ta da hannunsa. Ita kaɗai ta rage mini daga gare shi."

Alƙali ya ga kowannensu da gaskiyarsa. Sai ya tambayi Tasalla, "Baiwar Allah, daga ina aka auro ki?"

Ta ce, "Daga ƙasar jigawa."

Ya yi murmushi ya ce, "Ashe ke kaɗai kika saba da garinmu, dashinki bai saba ba. Shi ɗan rairayi ne da rana. Ku biyo ni."

Ya kai su bakin rafi, inda inuwa ta fi duhu, laka ta fi kama ƙafa. Can ga itatuwan malmo da giyayya sun yi cunkus, ba wanda ya shuka su. Ya ce, "Ga waɗanda suka yarda da wurin. Nomau, tunda inuwarka ce ta jawo, kai za ka ciro ƙananansu ka dasa mata, ka kuma kafa zana har su rufe. Tsamiya kuwa ba mai taɓa ta."

Tasalla ta koma tana gunaguni, wai an haɗa ta da itacen daji. Amma damina biyu ba su wuce ba sai da shingen ya fi tsayin mutum. Ranar da aka cire zana, ta zagaya ta hanyar rafi, ta yi ɗage, ta leƙa, ba ta ga ko tulunta ba. Daɗi ya kama ta har ta yi ƙwalla. Ta dama kunu da tsamiyar da ta so a sare, ta aika wa alƙali ƙwarya guda, ta kai wa Nomau tasa da kanta.

Wanda ya tambayi ƙasa abin da take so kafin ya dasa, zai sami sutura, kuma ba zai rasa maƙwabci ba.