Tabon Da Mai Hoto Ya Goge

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai ɗaukar hoto. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi: kujera ɗaya, farin labule a bango, fitilu biyu masu lema, sai kwamfuta a lungu. Hannunsa na da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Amma sai ya wuni yana kore ƙuda, babu wanda ya leƙo.

Sai ya buɗe shafi a dandalin sada zumunta, yana ɗora aikinsa don mutane su gani su zo. Akwai laifi a wannan? Babu ko kaɗan. Neman halal ne. Laifin daga baya ya shigo.

Mutumin nan yana da 'ya ɗaya, shekararta huɗu. Baƙa ce wuluk, mai fara'a, da tabon haihuwa a kumatun hagu kamar girman babban yatsa. Wata rana ya zaunar da ita gaban labule ya ɗauke ta. Da ya sa hoton a kwamfuta, sai ya goge tabon. Ya ga abin ya yi masa, sai ya ƙara mata haske, ya rage hanci, ya buɗa ido. Ya ɗora a shafi ya rubuta: “Ga 'yata. Ku zo ku ga aiki.”

Kai! Kafin kwana biyu wayarsa ta ƙi yin shiru. Wannan ta ce tubarkalla, wancan ya ce ina shagon yake. Masu biki suka fara layi, ya ƙara kujeru, ya sake kyamara. Duk mako sai ya ɗora sabon hoton yarinyar, kullum tana ƙara fari, kullum kumatu sumul. Hoton asali kuwa, yana gama gyara yake share shi, kada wani ya gani asiri ya tonu. Har wayar matarsa ya karɓa ya share waɗanda ke ciki.

Matar ta ce masa, “Baban yarinya, wannan fa ba 'yata ba ce. Me Allah ya rage ta da shi?”

Ya ce, “Ke ba ki san kasuwa ba. Abin da ido ke so shi ake sayarwa.”

Ku ji fa! Uba ne yake jin kunyar fuskar da Allah ya ba 'yarsa. Idan mai son hoto ya zo gida, sai ya ce a shiga da yarinyar ɗaki. Idan ta rugo ta rungume ƙafarsa, idonsa na kan waya yana duba mutum nawa suka yaba ta. Wadda ke cikin waya ita yake so. Wadda ke tsaye gabansa, ya daina kallonta.

Ran nan da hantsi aka bar ƙofar gida a buɗe. Yarinya ta fita, ba ta dawo ba. Aka duba maƙwabta, aka duba bakin titi, shiru. Uwa ta fita ko takalmi babu. Jama'a suka ce masa, ai kai kana da dubban mabiya, yi cigiya a shafinka.

Ya buɗe waya yana neman hoto. Hotonta ya fi ɗari uku, ya 'yan uwa, amma babu ko ɗaya da yake nata. Ya zaɓi guda ya ɗora. Matar ta riƙe masa hannu tana kuka, ta ce, “Ka rubuta baƙa ce. Ka rubuta tana da tabo.”

Ya rubuta. Wallahi ya rubuta. Sai ya tsaya yana kallon rubutun. Idan ya saki wannan, gobe me mutane za su ce game da shagonsa? Duk wanda ya yaba zai san ƙarya ya yaba. Ya ce a ransa, ai kafin yamma za a gan ta, sunanta da kayan jikinta sun isa. Ya goge layin, ya ce wa matarsa ya sa.

Ashe mai babur ne ya buge yarinyar, ya ɗauke ta a sume ya kai wani ƙaramin asibiti a can ƙarshen gari, ya ajiye ya gudu. An yanke rigarta da ta ɓaci da jini an yar. Nas ɗin da ke kula da ita tana cikin masu bin shafin mutumin. Ta ga cigiyar, ta je bakin gado da waya a hannu, ta dubi hoto, ta dubi yarinya. Wannan fara sol, wannan baƙa mai tabo. Ta ce ba ita ba ce. Don tausayi ma har ta tura cigiyar ga ƙawayenta, ta ce a taya su nema.

Kwana uku yarinya na kwance ba ta farfaɗo ba. Tana buƙatar a kai ta babban asibiti, ana jiran wani nata ya zo ya sa hannu. Ubanta yana zaune yana ƙirga mutum nawa suka yaɗa hoton.

A rana ta huɗu uwar ta bar waya a gida, ta bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, tana faɗa da baki: baƙa ce, da tabo a kumatun hagu. Da ta faɗi haka a wancan asibitin, nas ɗin ta gane ita ce. Amma yarinyar ta riga ta cika da safiyar ranar.

Labari ya fita, don nas ba ta iya yin shiru ba. Waɗanda suka ce tubarkalla jiya, su ne suka cika shafin da tsinuwa. Shago ya koma yadda ya fara, kujeru sun yi ƙura. Amma wannan ba ita ce azabarsa ba.

An ce bayan kwanaki ya zauna gaban kwamfuta, yana so ya mayar da tabon a hoto ɗaya, ko ya ga 'yarsa sau ɗaya yadda take. Ya ɗaga hannu, ya tsaya. Ya juya ya tambayi matarsa, “Hagu ne ko dama?”

Ta dube shi. Washegari ta kwashe kayanta.

Ya 'yan uwa, tallata sana'a ba haramun ba ne. Ka ɗora aikinka, ka kira masu saye, Allah ya sa albarka. Amma ƙarya ba ta tsayawa inda ka ajiye ta. Mutumin nan layi ɗaya na gaskiya aka nema a wurinsa, ya auna shi da yabon mutanen da bai taɓa gani ba, ya zaɓi yabo. Ina masu yabon yanzu? Wa ya zo ya taya shi zaman ɗakin da babu kowa?

Idan kun koma gida yau, ku ajiye waya, ku dubi fuskar 'ya'yanku da kyau, ku gode wa wanda ya halicce su haka.

Allah ya kiyaye mu daga ƙarya da son a yaba mana. Allah ya kiyaye mu daga raina abin da ya ba mu, ya kiyaye mu daga nadamar da ba ta da magani. Amin.