Yabon da Hakimi Ya Kasa Ƙaryatawa

Wani hakimi ya kira zabiya Tabawa ya ce, "Ki wasa ni gaban jama'a. Kika yi ƙarya ko ɗaya, kin bar garin nan."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka fi kowa sanin kanka. Inda na yi ƙarya, ka tsayar da ni."

Ta fara: "Adali, wanda bai taɓa ƙwace gonar kowa ba!"

Jama'a suka kalli juna. Hakimi ya ce, "Ci gaba."

"Jarumi, wanda zaki ke tuɓe wa takalmi!"

"Ci gaba."

"Kyakkyawa, wanda uwargida ta aura don hancinsa, ba don rawani ba! Akwai ƙarya, ranka ya daɗe?"

Hakimi ya shafa hanci ya ce, "Maimaita da ƙarfi, ta jiyo daga cikin gida."